"Babu" Daban, Sifili Daban

A shekarar 2009, masanin kwamfuta ɗan Ingila Tony Hoare ya kira wata dabara da ya ƙirƙiro a 1965 da kuskuren dala biliyan. Dabarar ita ce null, alamar da ke nufin "babu komai a nan".

A harsunan rubuta manhaja irin su Java da C#, kusan komai ana gina shi ne a matsayin "abu" mai ɗauke da bayanansa, sannan a ba shi sunan da za a riƙa kiransa da shi. Matsalar takan taso idan an raɗa suna alhali ba a haifi mai sunan ba. Da zarar manhaja ta nemi bayani a wajen wannan suna, sai ta tarar babu mai amsawa, ta tsaya cak. Java na kiran wannan NullPointerException.

Masu gaggawa sukan toshe ramin da sifili, ko su umarci manhajar ta haɗiye kuskuren ta wuce. Wannan magani ya fi cutar muni, kuma tarihin yammacin Zamfara ya isa hujja.

A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyukan da ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, irin su Dareta a ƙaramar hukumar Anka da Yargalma a Bukkuyum. Yara aƙalla 400 suka rasu. Gwajin jini ne ke nuna yaron da ke buƙatar magani da gaggawa.

A ƙaddara wata manhaja ce ke riƙe da irin wannan rajista, an shigar da sunan yaro amma ba a ɗibi jininsa ba tukuna. Sakamakonsa babu ne. Idan manhajar ta tsaya, ma'aikaciyar lafiya za ta ji haushi, amma za ta bincika. Idan kuwa an cike gurbin da sifili, allo zai nuna jinin yaron tas yake, a sallame shi ya koma gida da gubarsa. A nan karin maganar "da babu gara ba daɗi" ba ta da wurin zama.

Gyaran gaskiya shi ne a haifi abu kafin a kira sunansa, inda kuma rashinsa zai yiwu, a tanadi amsa ƙarara: "ba a gwada ba". Harsuna irin su Kotlin da Swift sukan tilasta wa mai rubutu ya yi wannan tanadi tun kafin manhajar ta fara aiki.

Duk jami'in da zai karɓi manhaja don asibitin Gummi ko Anka, ya bar gurbi ɗaya fayau a ranar gwaji, ya ga abin da allo zai ce. Idan sifili ya fito, kada ya sa hannu.