Rokar gorar ruwa ta fi ta kan ashana

A nan Kademi, da an gama girbi sai ka ga yara suna kankare kan ashana suna ɗurawa a bututun biro, wai roka suke harbawa. Mu dai ba mu yarda bulala ce maganinsu ba. Amma fa hunturu ne, ga karan dawa a jibge, ga rumbuna. Tartsatsi ɗaya ya isa.

A ba su gorar lemo ta roba. A zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, a manna fukafukai uku na kwali, a toshe bakin da bawul ɗin tayar keke, a kifa ta, a yi ta buga famfo. Iska ta tunkuɗo ruwan ƙasa, gora ta yi sama. Ruwa ya yi yawa, nauyi ya danne ta. Kwalba ko tsagaggiyar gora kuwa, kul! A fili ake harbawa, kada kowa ya leƙa ta sama.

Tauraronmu NigeriaSat-1 ma, a 2003, daga Rasha aka harba mana shi. Malaman kimiyya na Gaya da Ajingi, ku ara mana filin makaranta ranar Asabar, famfon mu za mu kawo.