Tsakaninmu Mata: An Ɗinke Leɓe, To Hancin Fa?

Wasiƙar wannan wata daga Isa ta fito. Wata ɗaliba ce ke kuka a kan ƙanwarta da aka haifa da tsagaggen leɓe. An ɗinke shi tun tana goye, amma hancin ya kwanta gefe guda. Yanzu ta tasa, kullum gyale na kan fuska, har ta fara gudun makaranta. Wai ko likita ne ya ɓata aiki?

Ƙanwata, da wannan hancin aka haife ta. Akwai tsokar da ta zagaye baki kamar zariya. Leɓe yana haɗuwa ne tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki, kafin uwa ma ta gama tabbatar tana da shi. In bai haɗu ba sai tsokar ta rabu biyu: ɓari ɗaya ya manne a gindin hanci ya ja shi waje, ɗayan ya karkatar da bangon da ya raba ƙofofin hanci. Guringuntsin saman ya baje, ƙashin da ke ƙasa kuma bai cika ba, kamar rumfar da aka zare wa dirka ɗaya. Shi ya sa ƙofa ɗaya ta fi faɗi, wani lokaci har numfashi ya yi wuya.

Masu cewa aikin iska ne, ko uwa ce ta jawo, don Allah su ji tsoron Allah. A duniya kusan jariri 1 cikin 700 haka ake haihuwarsa.

Akan ɗinke leɓe daga wata 3 zuwa 6, likitoci da yawa kuma sukan ɗaga hancin a lokacin. Amma fuska girma take yi, don haka gyaran ƙarshe sai wajen shekara 16 zuwa 18. Kin ga ba ta makara ba.

Na san hanya daga Isa ko Sabon Birni zuwa Sakkwato sai da addu'a saboda 'yan bindiga. Duk da haka ki lallashi Baba ya kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Noma da aka buɗe a 1999, inda ake gyaran fuskar yara. Ku tambaya ko akwai tallafin Smile Train, ƙungiyar da ke biyan kuɗin irin wannan tiyata a asibitoci da dama. Ku tafi da katinta na aikin farko.