Sabuwar Kalar Kambas Ba Sabuwar Fasaha Ba Ce

A watan Maris na 2023 Apple ya fitar da iPhone 14 mai launin rawaya. Kyamara da batir da ƙwaƙwalwar A15 duk ba su sauya ba, fenti kawai aka canza. Masu bibiyar waya sun gane hakan nan take. Amma da kamfanonin kambas suka yi irin wannan dabara, matasa da yawa sai su rufta.

Akwai fasaha ta gaskiya a takalmin gudu. A 2017 Nike ya fitar da Vaporfly 4%, mai farantin kabon a cikin soso mara nauyi da ake kira ZoomX, wanda ke rage ƙarfin da mai gudu ke ƙonawa. A Oktoban 2019 Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya kammala kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna, sanye da samfurin Alphafly. Abin ya kai hukumar World Athletics ta kafa doka a Janairun 2020: kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40, faranti kuma ɗaya tak. Sauyin da ya tilasta wa hukuma rubuta doka, shi ne sauyi.

Sabuwar kala ba ta cikin wannan sahu. Haka ma yawancin haɗin gwiwa da masu zanen kayan ado, kamar na Nike da Off-White na marigayi Virgil Abloh, ko na On da gidan Loewe na Sifaniya. Ana sauya launi, a ƙara tambari, a fitar da kaɗan, sai farashi ya haura. Ƙarancin ma da gangan ne: a manhajar SNKRS sau da yawa ƙuri'a ake jefawa, 'yan sari kuma su kai abin da suka samu StockX su ɗora riba.

Wani zai ce kwalliya ma haƙƙi ce. Gaskiya ne, wanda ya sayi kambas don ya burge a wurin biki bai yi laifi ba, muddin ya san ado ya saya. Asarar tana kan wanda ya tara kuɗin wata uku yana zaton gudunsa zai ƙaru.

Ita kanta fasahar ba kowa take yi wa amfani ba. Adizero Adios Pro Evo 1 na Adidas, wanda Tigst Assefa ta kafa tarihi da shi a Berlin a 2023, dala 500 aka sa masa lokacin da ya fito, kuma don tsere guda aka ƙera shi. Mai zagaya fili da asuba takalmin yau da kullum irin Pegasus ya ishe shi. Ga kuma Nike Adapt BB na 2019 mai ɗaure kansa: a Agustan 2024 aka cire manhajarsa daga App Store da Google Play, sai maɓallan jikinsa suka rage wa wanda ya sauya waya.

Don haka mai saye ya yi wa kambas tambayoyin da yake yi wa waya. Wane soso ne a ƙasansa? Giram nawa ne nauyinsa? Me ya bambanta shi da na bara? Idan amsar ita ce kala, samfurin bara da aka karya wa farashi ya fi masa riba.