Kafin ka hau jirgi, juya bayan fawa bank ɗinka ka karanta

Duk wanda ya tashi a Kano ya san ɗabi'ar nan tamu: da ka shiga wuri ka ga da wuta, kafin ka gama gaisawa idonka na kan bango yana neman soket. Gidan biki ne, shagon aski ne, duk ɗaya. Rashin tsayuwar wuta ne ya koya mana, babu mai ganin laifinmu. Matsalar ita ce da wannan ɗabi'ar muke hawa jirgin sama, alhali a can lissafin daban ne.

Kwanaki wani abokina ɗan Gyadi-Gyadi da ke shirin Umara ya tambaye ni ko soket ɗin da ke jikin kujerar jirgi zai iya ƙona masa laftop. Na ce masa da wuya. A yawancin jirage wutar da ke fitowa a wurin kusan volt 110 ce, irin ta gidajen Amurka, kuma idan ka duba jikin cajar laftop ɗinka ta asali za ka ga an rubuta 100–240V, wato tana karɓar tamu ta 230 tana karɓar tasu. Sannan soket ɗin yana da iyaka, galibi tsakanin wat 75 zuwa 100. Idan ka nemi fiye da haka sai ya yanke kansa. Shi ya sa mai babbar laftop ta wasan gem, mai caja wat 180 ko sama, zai ga ɗan koren hasken ya mutu da zarar ya jona. Ba lalacewa ya yi ba, aikinsa ke nan. Kada ka yi ta cirewa kana mayarwa, kuma don Allah kada ka fito da wayar jone-jone ka ce za ku raba da maƙwabcinka.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda bai tambaya a kai ba: ƙaton fawa bank ɗin da ke hannunsa, mai 50,000mAh, har da fitila da igiyar ratayawa.

Batirin litiyam, wanda ke cikin waya da laftop da fawa bank, yana da wata muguwar hanya ta lalacewa. Idan ya huje, ko aka matse shi, ko tun daga masana'anta aka yi shi da aibi, ɓangarorin cikinsa biyu da bai kamata su haɗu ba sai su haɗu. Zafi ya tashi, zafin ya ƙara haifar da wani zafin, ɗan batir ɗaya ya kunna na kusa da shi. Ko an kashe harshen wutar tana iya sake tashi, sai an yi ta zuba ruwa ya huce. A ƙasa kana iya jefar da shi waje ka gudu. A sama ina za ka jefa shi?

Ranar 28 ga Janairu 2025 wani jirgin Air Busan ya kama da wuta a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu yana shirin tashi zuwa Hong Kong. Mutum 176 da ke ciki duk sun fita da ransu, amma jirgin ya tashi daga aiki, kuma masu bincike sun nuna yatsa ga fawa bank da ke cikin ma'ajiyar kaya ta saman kai. Da a ce ya riga ya tashi, da labarin ya sha bamban. Mu ma nan Tarauni ba baƙin irin wannan ba ne. Gobarar da ta cinye shaguna masu yawa a kasuwar waya ta Farm Centre ranar Babbar Sallar 2025, rahotannin farko a kan fashewar batir suka ɗora ta.

To ga dokar, kuma kusan iri ɗaya ce a duk duniya. Fawa bank ba ya shiga akwatin da ake aunawa a tura ƙasan jirgi, sai jakar hannu, domin a cikin jirgi ma'aikata za su ga hayaƙi su ɗauki mataki, a ƙasa kuwa babu mai isa wurin. Wanda bai wuce 100Wh ba ka wuce da shi. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin. Sama da 160 ba ya hawa ko kaɗan. Mu kuma da mAh muka saba ciniki, don haka ga lissafin: ninka mAh da 3.7 ka raba da 1,000. Mai 20,000 ya zama 74Wh, lafiya lau. Mai 27,000 yana bakin iyaka. Mai 30,000 ya zama 111, sai an nemi izini. Na abokina mai 50,000 ya kai 185, wato ko ya bar shi a gida ko ya bar shi a hannun jami'an bincike a filin jirgin Malam Aminu Kano.

Bayan abin da ya faru a Koriya wasu kamfanonin sun ƙara tsaurarawa. Singapore Airlines ya hana amfani da fawa bank a cikin jirgi daga 1 ga Afrilu 2025. Emirates ya bi sahu daga 1 ga Oktoba 2025, ya kuma ce guda ɗaya kacal, kada a sa shi a ma'ajiyar sama. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou su ma su lura: tun 28 ga Yuni 2025, a jiragen cikin gida na Sin ba a barin fawa bank da ba shi da tambarin CCC.

Na san abin da wasu za su ce, cewa wannan takura ce. Mutum zai zauna awa shida a Addis Ababa ko Alƙahira yana jiran jirgi na gaba, tikitinsa da bizarsa da lambar mai tarbarsa duk a waya suke, a ce kuma ya rage batir? Ƙorafin yana da ƙanshin gaskiya. Amma mai 20,000 na gaske zai cika waya sau uku ko fiye, kuma a cikin jirgi ga soket ko ramin USB da injiniyoyi suka gwada, ya fi duk wani abin da ke jakarka aminci.

Kalmar "na gaske" ɗin nan ita ce inda gizo ke saƙar. Duk lissafin da na yi a sama ya dogara ne da rubutun jikin kaya, kuma kowa ya san a kasuwa akwai mai kyau akwai jabu. Akwai wanda aka rubuta wa 30,000 amma a hannu bai kai nauyin wayarka ba. Ƙaryar lamba ba ita ce abin tsoro ba, abin tsoron shi ne wanda ya yi ƙarya a lamba ba zai kashe kuɗi a kan ɗan allon da ke yanke caji idan zafi ya yi yawa ba. Haka cajar laftop ta jabu. Kamfanoni masu suna ma suna kuskure, Samsung Galaxy Note 7 an haramta hawa jirgi da ita a 2016, Anker ya janye fawa bank sama da miliyan ɗaya a Amurka a 2025. Bambancin shi ne su akwai wanda zai yi shela a dawo da kaya. Na jabu wa zai kira ka?

Shi ya sa nake ganin gyaran daga kan kanta ya kamata ya fara. Mai shago a Farm Centre da ya ji mai saye ya ce tafiya zai yi, ya nuna masa Wh, ya ce wannan zai hau, wannan ba zai hau ba. Masu kamfanonin shirya Umara da ke tura wa matafiya jerin abin da za su riƙe, layi ɗaya kawai za su ƙara.

Sauran a hannun matafiyi yake. Batirin da ya kumbura, ko wayar da bayanta ya fara ɗagawa, kada su bi ka. Idan a ƙofar jirgi aka ce jakar hannunka ta yi girma za a kai ta ƙasa, ciro fawa bank da laftop tukuna. Idan aka ba ka saƙo ka kai wa ɗan'uwa a Jidda, buɗe ka gani a gaban mai shi, don sau da yawa waya ce ko fawa bank aka naɗe a cikin atamfa. Idan kuma wayarka ta zame ta faɗa tsakanin kujeru, kada ka motsa kujerar ko gaba ko baya, ƙarfen ciki na iya murƙushe batirin. Danna maɓallin kira ka jira ma'aikacin jirgi ya zo ya ciro maka.