Dumsor: Sunan da Talakan Gana Ya Raɗa wa Duhu

A 1905 wani likita a Landan, Henry Des Voeux, ya yayata sabuwar kalma a taron kiwon lafiya. An ɗauko kan smoke, wato hayaƙi, an haɗa da wutsiyar fog, wato hazo, aka sami smog, sunan baƙin hazon kwal da ke shaƙe mutanen birnin. Bayan na 1952 ya kashe dubban mutane, majalisar Ingila ta kafa dokar tsabtace iska a 1956.

Mutanen Gana ma sun ƙera tasu, amma da kayan gida. A harshen Twi, dum na nufin kashewa, sɔ kuma kunnawa. Da aka haɗa su aka sami dumsor, sunan yawan ɗaukewa da dawowar wutar lantarki, ta shige Turancin jaridu, ta shige Hausar zango daga Salaga da Yendi har Bawku.

Abin ya yi tsanani ne tun Agustan 2012, lokacin da ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun gas na Afirka ta Yamma a gaɓar Togo, ga ruwan madatsar Akosombo yana ja da baya, ga bashi ya yi wa kamfanonin wuta katutu. Hukuma ta ce rabon wuta take yi. Mai walda da ya wuni zaune ya san ba haka ba ne. Haka mai sayar da ruwan sanyi da ƙanƙararta ta narke a zafin Maris na Navrongo, inda ma'auni kan haura digiri 40.

Masu kishin harshe da ke ƙyamar irin wannan kalma ba su yi mata adalci ba. Ita ta ba mutane abin da za su rubuta a kwali ranar 16 ga Mayun 2015, sa'ad da 'yar fim Yvonne Nelson ta jagoranci tattaki a Ankara, babban birnin Gana, kuma da ita aka yi ta caccakar gwamnatin John Mahama har zaɓen 2016.

Abin takaici, magani yana saman kan mutanen arewacin Gana. Tun 2013 hukumar wutar lantarki ta VRA ta buɗe tashar wutar rana a Pungu, kusa da Navrongo, amma ƙarfinta megawat 2.5 ne kacal, Akosombo kuwa ta haura 1,000. 'Yan majalisar yankin su matsa a faɗaɗa ta.