Shaidar Ido Ba Hadda Ba Ce

A duwatsun da suka kewaye Birnin Kudu, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai tsofaffin zane-zanen shanu waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950. Daga cikin shanun akwai masu dogon ƙaho marasa tozo, irin da ba a kiwonsa a yankin a yau. Da za a kai ɗaliban sakandare su kalli zanen, sannan bayan mako guda a ce kowa ya zana abin da ya gani, abin da ilimin halayyar ɗan Adam ke hasashe shi ne wasunsu za su ɗora wa shanun tozo. Ba don ƙarya ba, sai don saniyar da ke cikin kansu mai tozo ce. Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya nuna irin wannan a littafinsa na 1932: ya ba mutum hoton mujiya daga rubutun Misirawan dā, ya zana daga ka, na gaba ya kwaikwayi zanen na farko, har mujiya ta rikiɗe ta koma kyanwa.

Abin da wannan ke nufi shi ne tunawa ba ɗauko ajiya ba ce. Ƙwaƙwalwa tana riƙe gutsattsarin abin da ya faru, sannan duk lokacin da aka nemi labarin sai ta sake gina shi, ta cike giɓi da abin da ta saba da shi, da abin da ta ji daga baya. Mai tunawa kuwa ba ya iya bambance tubalin asali da ciko.

Wannan magana tana da wuyar karɓuwa a ƙasar Hausa, kuma akwai dalili. Al'ummar da ta saba ganin alaramma ya kawo izu 60 da ka, har ya zauna ya rubuta su ba tare da duba takarda ba, dole ta girmama ƙwaƙwalwa. Amma a duba yadda hadda take samuwa. Akwai matani tabbatacce wanda ba ya canzawa. Akwai maimaici na shekaru, daga allo zuwa tilawa zuwa tishi. Akwai kuma malami da abokan karatu da ke gyara wasali ɗaya idan ya kauce. Hermann Ebbinghaus ya auna a 1885 cewa mafi yawan abin da ake mantawa yana zubewa ne cikin sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaici a rarrabe shi ke tsayar da zubar. Tsangaya ta daɗe da sanin haka a aikace. Shi kuwa mutumin da ya ga an fizge jaka a kasuwar Sara ta Gwaram, ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Sau ɗaya ya gani, cikin daƙiƙu, a tsakiyar hayaniya. Ba shi da matanin da zai koma ya duba. Maimaicin da yake yi kuma, wato ba da labari a majalisa, maimakon ya gyara hoton, ƙara masa ciko yake yi.

Tun kafin a zo ga tunawa ma, gani kansa yana da gardama. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane bidiyon 'yan ƙwallon kwando, suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo. A tsakiyar wasan wani ya ratsa sanye da shigar goggon biri. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. Ido yana buɗe, amma hankali na wani wuri. Karin maganar da ke cewa gani ya kori ji tana ɗauka cewa ido taga ce, alhali ya fi kama da mai gadi da ke zaɓar wanda zai shiga.

Sai kuma tasirin tambaya. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota, suka tambaye su saurin motocin. Waɗanda aka tambaya da kalmar da ke nufin ragargajewa sun ƙiyasta kimanin kilomita 65 a sa'a. Waɗanda aka ce musu motocin sun taɓa juna sun ce kimanin 51. A gwaji na biyu, bayan mako guda, 16 cikin 50 na masu kalmar ragargajewa sun ce sun ga fasasshen gilashi, alhali 7 ne kawai cikin 50 suka faɗi haka a rukunin da aka tambaya da kalma mai sauƙi. Babu gilashi a fim ɗin. To, a auna wannan da yadda ake tambayar shaidu bayan haɗari a hanyar Kano zuwa Bauchi, ko bayan shanu sun shiga gona da dare a lokacin kaka. "Wa ka gani?" daban take da "Ba yaron rugar can ba ne?" Tambaya ta biyu ta riga ta shuka amsa, kuma bayan kwana uku shaidan zai iya rantsewa a kanta da zuciya ɗaya. An kuma tabbatar cewa mutum ya fi yin kuskure wajen gane fuskar waɗanda bai saba cuɗanya da su ba, wanda hakan ke sa baƙo, ko makiyayi mai wucewa, ya fi kowa shiga haɗari.

Farashin kuskuren ba ƙarami ba ne. A Amurka, Ronald Cotton ya yi fiye da shekara 10 a kurkuku saboda Jennifer Thompson, wadda aka yi wa fyaɗe a 1984, ta nuna shi da cikakken yaƙini. Gwajin DNA ya wanke shi a 1995. Ba ƙarya ta yi ba. Cikin mutum 375 da irin wannan gwaji ya wanke a lissafin ƙungiyar Innocence Project, kusan kashi 70 cikin 100 kuskuren shaidar ido na cikin abin da ya ɗaure su. Mafi yawansu ma sun yi sa'a, domin sun rayu har aka gano gaskiya. Mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyarsu ta komawa Kano, ba su sami wannan damar ba. An ga bindigogin farauta, tsoron masu garkuwa da mutane ya fassara abin da aka gani.

Abin mamaki shi ne turbar ilimin da mutanen Birnin Kudu da Gwaram suka gada ta riga ta raba wannan gardama. Malaman hadisi ba su wadatu da adalcin mai ruwaya ba, sai sun binciki dabɗinsa, wato ingancin riƙonsa. Abdullahi ɗan Lahi'a alƙali ne a Masar, amma da yawa daga cikinsu sun yi taka-tsantsan da ruwayarsa, musamman bayan littattafansa sun ƙone. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Amma a zauren sulhu na yau, da zarar an ce wane ba ya ƙarya, sai a ɗauka an gama bincike, alhali rabinsa aka yi.

Wani zai ce idan aka raunana shaidar ido, ɓarayi ne za su ci riba, musamman a karkarar da babu kyamarar tsaro kuma babu ɗakin gwaji. Ƙorafin yana da nauyi, sai dai binciken bai ce a watsar da shaidu ba. John Wixted da Gary Wells sun nuna a 2017 cewa yaƙinin shaida yana da ƙima sosai idan an auna shi a karon farko, kafin a gurɓata shi. Yaƙinin da ake nunawa a gaban alƙali bayan wata 6 shi ne abin tuhuma.

Gyaran kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Mai unguwa ko ɗan sandan da ya fara isa wurin ya raba shaidu kafin su haɗa labari. Ya bar kowa ya faɗi nasa ba tare da an ambata masa suna ba. A naɗi bayanin a waya a ranar, haɗe da amsar tambayoyi uku: daga wane nisa, da wane haske, kuma yaya ƙarfin tabbacinsa. Idan za a nuna wanda ake zargi, kada a fito da shi shi kaɗai da ankwa a hannu. A jera shi cikin mutane masu kama da shi, a gaya wa shaidan cewa mai yiwuwa mai laifin ba ya cikinsu, kuma wanda ke gudanar da jerin ya kasance bai san wanda ake zargi ba.