Sharhi: Hotunan Fatakenmu a Guangzhou, Wa Zai Adana Su?

A cikin 'yan shekarun nan wata al'ada ta sami gindin zama tsakanin matasan ƙasar Sin, wadda suke kira shouzhang. Mutum zai tanadi ɗan littafi, ya riƙa liƙa hotuna da tikitin jirgi da rasiɗi a ciki, ya ƙawata shafin, sa'an nan ya rubuta abin da ya faru a ranar. Yanzu da yawansu sun koma yin haka a kan wayar hannu ko kwamfuta, suna kuma shiga gasa ta intanet, inda ake ɗiban kwana 30 ko 100, kowa ya fito da shafi ɗaya kullum ya nuna wa 'yan'uwansa a dandali irin su Xiaohongshu. Ba Sinawa kaɗai ke irin wannan gasa ba. Tun 2009 wani mai zane Ba'amurke, Jake Parker, ya ƙago Inktober, wato zane ɗaya kowace rana har watan Oktoba ya ƙare.

To, in ka kai wa ɗan kasuwarmu da ke sayayya a birnin Guangzhou wannan labari, dariya zai yi, ya ce aikin marasa aikin yi ne. A ganina kuwa, babu wanda ya fi shi bukatar wannan abu.

Dalili shi ne, ba a rasa hotuna a wayar Bahaushen Guangzhou. Akwai na atamfa da shadda, na takalma, na kayan gyaran babur, na kwalaye a bakin kwantena, dubbai a kan dubbai. Amma duk na ciniki ne. Da zarar kaya sun isa Kantin Kwari ko kasuwar Maraɗi, hoton ya gama aikinsa, sai a goge. Wanda ya tsira daga gogewa kuma, babu suna, babu wuri, babu bayani a tare da shi. Bayan shekara 20, jikan mai wayar zai ga wasu mutane uku tsaye gaban wani dogon bene, ba zai san ko su wane ne ba, balle ya san cewa benen nan shi ne Tianxiu na unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka suka yi shekaru suna hada-hada.

Ita kanta unguwar ba ta tsaya jiran kowa ba. Tun daga 2014 hukumomin birnin suka tsaurara matakai a Xiaobei, aka kawar da masu kasa kaya a bakin titi. Da annobar korona ta zo, alƙaluman hukuma sun nuna cewa 'yan Afirka da ke birnin sun ragu daga 13,652 a ƙarshen 2019 zuwa 4,553 a watan Afrilun 2020, watan da aka fitar da wasunsu daga gidajen haya da otal-otal. An koma ciniki daga baya, amma gidajen abinci da shaguna da dama na wancan zamani sun tafi ke nan.

Wa ya adana kamannin waccan rayuwa? Wasu Sinawa biyu masu ɗaukar hoto, Wu Yong Fu da Zeng Xian Fang, su ne ke tsayawa a kan gadar masu tafiya a ƙasa ta Xiaobei, suna ɗaukar 'yan Afirka hoto don neman abin sawa a baki. Wani Ba'amurke mai suna Daniel Traub ya tattara dubban hotunan nan, ya fitar da littafi mai suna Little North Road. Madalla da aikinsu. Sai dai fuskoki ne kawai, cikin manyan riguna da kwat da gyale, masu su ba su ce uffan ba.

Wannan kuwa tsohon ciwo ne a wurinmu. Labarin Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, mun same shi ne domin wani mishan Bajamushe, Schön, ya zaunar da shi ya rubuta. Labarin Baba ta Karo, Mary Smith ce ta ɗauka ta buga a 1954. Fatake nawa ne suka yi ta safarar goro daga Gwanja shekara da shekaru, ba mu san ko sunayensu ba? Su dai suna da uzuri. Mu da alƙalami da na'urar ɗaukar hoto ke cikin aljihunmu dare da rana, ban ga namu uzurin ba. Abin ma ba baƙo ba ne: kundin malamanmu, inda ake cusa laƙani da wasiƙa da ranar haihuwar yara, ai kakan shouzhang ne.

Amma akwai inda nake saɓa wa masu ɗokin abin. Da yawansu sun ɗauka cewa abin da aka ɗora a intanet ya adanu. Birnin Guangzhou kansa ya ƙaryata su. A nan aka kafa kamfanin NetEase a 1997, wanda ya buɗe ma'ajiyar hotuna da ɗimbin Sinawa suka zuba hotunan aure da na suna a ciki. A 2019 kamfanin ya rufe ta, ya ce kowa ya kwashe nasa kafin wa'adi ya cika. A nan ne kuma aka ƙirƙiro WeChat a 2011, kuma jagoran masu ƙirƙirar tasa, Zhang Xiaolong, ya faɗa a farkon 2019 cewa mutum fiye da miliyan 100 sun zaɓi a ɓoye duk abin da suka ɗora bayan kwana uku. Abin da muke liƙawa a WhatsApp don jama'a su gani kuwa, sa'a 24 ce iyakar ransa. Saboda haka duk shafin da aka yi, a ajiye kwafinsa a wuri biyu da mutum ke da iko da su, a kuma buga mafi muhimmanci a takarda. A Guangzhou dai ba a rasa maɗaba'a mai rahusa.

Gasar fa? Amfaninta ɗaya ne, tana sa malalaci ya daure. Mai cewa gobe zan rubuta ba ya rubutawa, amma in abokai goma suka yi alkawarin shafi ɗaya kullum, kunya ma ta isa ta tashe shi. Illarta ita ce takan rikiɗe ta zama baje kolin arziki, kowa na neman yabo, shafi ya cika da furanni da ado, labari ya ɓace. Shafin da ya ce ranar kaza na sayi yadi kaza a kan kuɗi kaza, dala tana kaza, na yi Juma'a a masallacin da ke kusa da kabarin da ake dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ya fi shafi ɗari masu ƙyalƙyali daraja.

Akwai kuma hattara guda biyu. Wanda ke ƙyamar hoton mai rai saboda addini, rasiɗi da katin otal da tikitin jirgin ƙasa sun ishe shi. Sa'an nan kada a ɗora fuskar kowa a bainar jama'a ba da izininsa ba, musamman a garin da takardar izinin zama ke iya zama sanadin kama mutum.

Lokacin farawa ma a shirye yake. Bikin baje kolin Canton, wanda ake yi tun 1957, yana ci sau biyu a shekara, a fara a watan Afrilu da na Oktoba, kashi uku, kowane kashi kwana biyar. Kwana 15 ke nan, shafi 15. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Kano da Yamai da ke tura mutane kowane zagaye suna iya sa wannan gasa tsakanin 'ya'yansu, da sharaɗi ɗaya tak: kowane hoto ya zo da suna, da wuri, da kwanan wata, cikin harshen Hausa.